Wasiƙa: Wasan besbol da hukuncin da ya tsaya a kan 'yan wasa kaɗai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi tsokaci a kan wani wasa da ba kasafai yake fitowa a shafukanmu na wasanni ba, wato besbol, wanda Amurkawa suke ɗauka a matsayin wasan gadonsu, kuma ake yin sa da zafi a Japan da Koriya ta Kudu da Kuba da Benezuwela da Jamhuriyar Dominika. Na san yawancin masu karatunka mabiya ƙwallon ƙafa ne. Abin da ya sa na ɗauko besbol shi ne, duk lokacin da aka kama wani ɗan wasa da shan ƙwayoyin ƙara kuzari, muhawara takan tsaya a kansa shi kaɗai, alhali tarihin wannan wasa ya nuna ƙarara cewa masu cin moriyar shan ƙwayar sun fi masu shan ta yawa, kuma su ne suka fi tsira da mutuncinsu.

Tsarin wasan a taƙaice shi ne, mai jifa yakan jefo ƙwallo da ƙarfi, mai bugu ya tare ta da kulki, idan ya same ta sai ya ruga ya bi zanguna uku ya dawo inda ya taso kafin 'yan ɗaya ƙungiyar su fitar da shi. Idan ya buga ƙwallon ta tsallake katangar fili, ya ci maki ba tare da wani ya iya hana shi ba, kuma wannan bugun tsallake-katanga shi ne abin da 'yan kallo suka fi so. Kowace ƙungiya a babbar gasar Amurka takan buga wasa 162 cikin wata shida. Abin da ya bambanta besbol da ƙwallon ƙafa shi ne, kowace jifa al'amari ne mai zaman kansa, yana da farko yana da ƙarshe, kuma akwai wanda aikinsa shi ne ya rubuta wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure. Tun daga 1876, lokacin da aka kafa rukunin National League, ɗaya daga cikin rukunoni biyu na babbar gasar, ake ajiye waɗannan alƙaluma. Saboda haka ɗan wasa ba shi da maɓoya a cikin taro, domin a lokacin da ƙwallo ta nufo shi idon kowa a kansa yake, kuma abin da ya yi a wannan daƙiƙa zai shiga littafi da sunansa.

Babu wanda ya ɗanɗana kuɗar wannan tsari kamar Bill Buckner. Ya shafe kaka 22 yana wasa a babbar gasa, ya yi bugu mai kyau sau 2,715, adadin da 'yan wasa ƙalilan suka kai, kuma a 1980 shi ne ya fi kowa iya bugu a rukuninsa. Amma a daren 25 ga Oktoba, 1986, a wasa na shida na gasar ƙarshe ta World Series tsakanin ƙungiyarsa ta Boston Red Sox da New York Mets, Mookie Wilson ya bugo wata ƙwallo mai gangarowa a hankali a ƙasa, ta wuce ta tsakanin ƙafafuwan Buckner, Mets suka ci wasan. Boston ba ta ɗauki kofin ba tun 1918, sai aka ɗora masa haushin shekara 68 shi kaɗai. Wanda ya bi wasan daki-daki ya san cewa wannan zalunci ne. Boston tana gaba da ci 5 da 3, saura mutum ɗaya ta fitar ta ɗauki kofi, masu jifanta suka bari aka buga musu ƙwallo uku a jere, sannan wata jifa ta kauce ta wuce mai cafewa da ke bayan mai bugu har aka farke. Kenan an riga an yi kunnen doki kafin ƙwallon ta iso wurin Buckner, wanda yake wasa da ciwon idon sawu. Bayan haka ma akwai wasa na bakwai, wanda Boston ta fara shiga gaba da ci 3 da nema, ta ƙare da shan kashi 8 da 5. Duk da haka sunan mutum ɗaya jama'a suka riƙe, tsangwama ta yi masa yawa har ya kwashe iyalinsa ya koma jihar Idaho. A 2008, bayan Boston ta ɗauki kofin sau biyu, ya koma filin Fenway aka tarbe shi da tafi.

A ajiye wannan a gefe, a dubi wani bugun da Amurkawa suka fi yawan ambata a tarihin wasan. Ranar 3 ga Oktoba, 1951, Bobby Thomson na New York Giants ya buga ƙwallon da Ralph Branca na Brooklyn Dodgers ya jefo masa ta tsallake katanga a zagayen ƙarshe, Giants suka ci 5 da 4, suka lashe rukuninsu bayan an ba su rata mai yawa a watan Agusta. Thomson ya zama gwarzo, Branca ya zama abin zunɗe na tsawon shekara hamsin. A 2001 jaridar Wall Street Journal ta fallasa cewa a rabin ƙarshe na wannan kaka Giants sun girke mutum da madubin hangen nesa a ɗakinsu da ke can ƙarshen fili, yana leƙen alamun da mai cafewa yake yi wa mai jifa da yatsu, yana sanar da 'yan ƙungiyarsa ta hanyar wata ƙararrawar lantarki. Thomson ya amince an yi satar alamun, sai dai ya ce a wannan jifar bai yi amfani da ita ba. Ko ma dai yaya ne, babu abin da aka goge daga littafi, kuma har gobe ana nuna hoton bugun da alfahari. Mutumin da ya yi kuskure da zuciya ɗaya ya sha tsangwama, ƙungiyar da ta shirya maguɗi da gangan ta samu kirari, domin abin da al'adar wasan take tunawa shi ne yadda bugu ya ƙare.

Wannan al'ada tana da wasu lambobi da take girmamawa fiye da kima. Yaron da ya tashi a gidan masu son besbol ya san 60 ba tare da an yi masa bayani ba, wato yawan bugun tsallake-katanga da Babe Ruth ya yi a kakar 1927, ya kuma san 714, jimillar abin da Ruth ya yi a rayuwarsa. Da Roger Maris ya doshi 60 ɗin a 1961, sai kwamishinan wasan na lokacin, Ford Frick, wanda tsohon aminin Ruth ne, ya ce tunda an ƙara yawan wasannin kaka daga 154 zuwa 162, duk wanda bai karya tarihin a cikin wasa 154 ba sai a rubuta nasa daban. Maris ya yi na 61 a ranar ƙarshe ta kakar, bayan damuwa ta sa gashin kansa ya riƙa zubewa. Hank Aaron, wanda baƙar fata ne, ya sha wasiƙun zagi da barazanar kisa lokacin da ya doshi 714, kuma da ya wuce lambar a Atlanta ranar 8 ga Afrilu, 1974, yana da mai tsaron lafiyarsa a filin. Ya yi ritaya da 755.

Masu cewa ƙwaya ce ta fara gurɓata wannan littafi suna mantawa da cewa bai taɓa zama ma'auni ɗaya ga kowa ba. Ruth ya kafa tarihinsa a zamanin da aka haramta wa baƙaƙen fata shiga babbar gasa, haramcin da bai kau ba sai da Jackie Robinson ya fito wa Brooklyn ranar 15 ga Afrilu, 1947. Sai a 2024 hukumar wasan ta shigar da alƙaluman gasannin baƙaƙen fata cikin babban littafi, nan take Josh Gibson ya ture Ty Cobb daga matsayin wanda ya fi kowa yawan kason bugu mai kyau cikin damar bugun da ya samu a tarihi. A 1969 an rage tsawon tudun da mai jifa yake tsayawa a kai daga inci 15 zuwa inci 10, saboda masu jifa sun danne masu bugu har 'yan kallo sun fara gajiya. Ƙwayoyin hana barci da gajiya na amfetamin kuwa sun yi shekaru da dama suna yawo a ɗakunan 'yan wasa a bainar kowa, ba a fara gwajinsu ba sai 2006. Gaylord Perry, wanda ya yi suna wajen shafa wa ƙwallo maiƙo ko yawu domin ta karkace, abin da doka ta hana tun 1920, yana cikin Zauren Gwarzaye, inda ake karrama fitattun mutanen wasan, tun 1991, kuma akan ba da labarin wayonsa ana dariya.

Yanzu sai batun sitiroyid, wato magungunan ƙara tsoka. A 1990 Majalisar Dokokin Amurka ta sa waɗannan magunguna cikin jerin waɗanda laifi ne a mallaka ba da takardar likita ba, kuma a 1991 kwamishina Fay Vincent ya aika wa ƙungiyoyi takarda cewa an hana su a wasan. Amma ba a tanadi gwaji ba, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ba ta yarda da shi ba, masu ƙungiyoyi kuma ba su matsa ba. Ana cikin haka sai rikicin albashi ya kai ga yajin aiki ranar 12 ga Agusta, 1994, aka soke gasar World Series a karon farko tun 1904, abin da yaƙe-yaƙen duniya biyu ba su jawo ba. Jama'a suka yi fushi, yawan masu shiga kallo a kowane wasa ya faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari a kakar da ta biyo baya.

Abin da ya dawo da su shi ne tseren 1998 tsakanin Mark McGwire na St. Louis Cardinals da Sammy Sosa na Chicago Cubs, inda McGwire ya wuce lambar Maris ranar 8 ga Satumba, ya ƙare da 70, Sosa kuma da 66. Filaye suka cika, kuɗin talabijin ya ƙaru, kowa ya ce wasan ya farfaɗo. A tsakiyar wannan biki, cikin watan Agusta, wakilin kamfanin dillancin labarai na Associated Press, Steve Wilstein, ya hango kwalbar wani magani mai suna androstenedione a ma'ajiyar kayan McGwire, ya kuma rubuta. Maganin yana cikin waɗanda aka haramta a gasar Olamfik, amma a lokacin ana sayar da shi a kanti a Amurka kuma besbol ba ta hana shi ba. Maimakon a bincika, sai aka yi wa ɗan jaridar ca, har wasu abokan aikinsa suka zarge shi da leƙen asirin mutane. Wannan, a ganina, shi ne lokacin da hukumar wasan ta zaɓi abin da take so. Daga 1927 zuwa 1997 mutum biyu kacal suka taɓa kai 60 a kaka ɗaya, amma daga 1998 zuwa 2001 an kai ko an wuce wannan lamba har sau shida, tsakanin mutum uku. Wanda aikinsa kullum shi ne duba alƙaluma ba zai ce bai lura ba.

Akwai masu cewa ƙwaya ba ta koya wa mutum ganin ƙwallon da ke tahowa da gudun da ya haura kilomita 150 a awa ɗaya, kuma gaskiya ne. Amma tana ƙara tsoka, tana gaggauta murmurewar jiki, kuma a wasan da ake bugawa kusan kullum tsawon wata shida, wanda ya wayi gari ba gajiya a watan Satumba ya riga ya sha gaban abokin karawarsa. Ƙarin 'yan mitoci kaɗan shi ne bambancin ƙwallon da za a cafe a gindin katanga da wadda za ta tsallake. Barry Bonds na San Francisco Giants ya riga ya zama zakaran rukuninsa sau uku, a 1990 da 1992 da 1993, tun kafin a fara zarginsa da komai, amma bai taɓa wuce 49 a kaka ɗaya ba sai a 2001, shekarar da ya cika 37, lokacin da ya yi 73. A shekarun da ƙarfin 'yan wasa yakan fara ja baya, nasa ƙaruwa ya yi.

Asirin ya fara tonuwa a 2002, sa'ad da Ken Caminiti ya shaida wa mujallar Sports Illustrated cewa yana kan sitiroyid a 1996, kakar da aka zaɓe shi gwarzon rukuninsa. Ya rasu a 2004 yana da shekara 41. A 2003 aka yi gwajin gwaji ba tare da bayyana suna ba, fiye da kashi 5 cikin ɗari suka faɗi, a watan Satumba na shekarar kuma jami'an gwamnati suka kai samame kamfanin BALCO na Victor Conte a jihar Kalifoniya, inda ake rarraba wani sinadari da aka ƙera musamman domin kada gwaji ya gano shi. Ranar 17 ga Maris, 2005, wani kwamitin Majalisar Wakilai ya gayyaci manyan 'yan wasa. McGwire ya ƙi amsa tambaya a kan abin da ya wuce, Rafael Palmeiro ya nuna yatsa ya musanta, ba a yi wata biyar ba aka dakatar da shi bayan gwaji ya kama shi. A wannan zama ne iyayen wasu matasa da suka kashe kansu bayan sun yi amfani da sitiroyid suka ba da shaida, kuma wannan ɓangaren ne na fi ganin ya cancanci a tuna, domin yaran suna kwaikwayon abin da suka ga ana biyan manya miliyoyi a kansa. Rahoton tsohon sanata George Mitchell na 13 ga Disamba, 2007, ya ambaci 'yan wasa 89, ciki har da shahararren mai jifa Roger Clemens, ya kuma faɗa a fili cewa laifin ya shafi kowa, da kwamishinoni da shugabannin ƙungiyoyi da ƙungiyar ƙwadago. McGwire ya amsa laifinsa a 2010. Kotu ta wanke Clemens daga tuhumar yi wa majalisa ƙarya a 2012, hukuncin da aka yanke wa Bonds a 2011 na kawo cikas ga shari'a kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2015.

Malam Edita, wannan badaƙala ta taɓa mu a Najeriya ta wata hanya da ba kowa ya lura ba. Wanda ya aika wa hukumar yaƙi da shan ƙwaya ta Amurka sirinjin da ya tona asirin BALCO shi ne kocin guje-guje Trevor Graham. A shari'ar da aka yi masa a 2008, ɗan tseren da ya horar, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun magunguna, abin da ya sa aka ƙwace zinaren da Amurka ta ci a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. Najeriya ce ta zo ta biyu a wannan tsere, kuma a 2012 aka tabbatar mata da zinaren, bayan Sunday Bada, ɗaya daga cikin 'yan tseren, ya riga ya rasu a Disambar 2011. A guje-guje kenan ana iya gyara sakamako, domin an san wanda ya zo na biyu. A besbol hakan ba ya yiwuwa, tunda kowane bugu yana ɗaure da jifar wani da makin wani da nasarar wata ƙungiya, kuma a wancan zamani masu jifa da dama su ma suna sha. Idan aka goge na Bonds, babu wanda zai iya cewa ga wanda za a miƙa wa.

Shi ya sa lambarsa ta 762, jimillar bugun tsallake-katanga da ya yi a rayuwarsa, take nan a littafi. Ya wuce Aaron ranar 7 ga Agusta, 2007, wani attajiri mai sana'ar tufafi, Marc Ecko, ya sayi ƙwallon a kan fiye da dala dubu 750, ya nemi ra'ayin jama'a ta intanet, aka zaɓi a yi mata alamar tauraro domin nuna shakku, sannan aka kai ta gidan tarihin wasan da ke Cooperstown a jihar New York. Da Aaron Judge ya yi 62 a 2022, a zamanin da ake gwaji mai tsanani kuma laifin farko yake jawo dakatarwar wasa 80, wasu sun ce shi ne mai tarihin gaskiya na kaka ɗaya. Judge da kansa ya ce tarihin na Bonds ne, kuma ina ganin ya fi masu yabonsa gaskiya, domin an buga waɗannan wasanni, an sayar da tikiti, an ƙirga makin.

Tunda ba a iya taɓa littafin ba, sai hukuncin ya koma Zauren Gwarzaye na Cooperstown, inda marubuta wasanni suke zaɓe, kuma sai mutum ya samu kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'u. Cikin sharuɗɗan zaɓen akwai duba gaskiya da halin ɗan wasa, sharaɗin da bai hana masu wariyar launin fata da masu shafa wa ƙwallo maiƙo shiga ba, amma aka zaro shi a kan 'yan zamanin sitiroyid. A 2013 marubutan ba su zaɓi kowa ba. A 2022, shekararsu ta goma kuma ta ƙarshe a takardar zaɓe, Bonds ya samu kashi 66, Clemens ya samu kashi 65, duka suka faɗi. Da yawa daga cikin masu jefa wannan ƙuri'a su ne waɗanda suka cika jaridu da yabo a 1998.

Ba ina neman a wanke masu shan ƙwaya ba ne. Sun cuci abokan wasansu da suka ƙi sha, waɗanda wasunsu suka rasa gurbi a ƙungiya ko suka ƙare rayuwarsu ta wasa a ƙananan gasanni, kuma babu littafin da ya rubuta sunayen waɗannan. Abin da nake ƙi shi ne a hukunta ɓarawo a karrama ɓarawon zaune. Masu ƙungiyoyi ba su mayar da ko sisin kwabo daga cinikin waɗannan shekaru ba. Kocin da ya jagoranci McGwire a Oakland da St. Louis, Tony La Russa, ya shiga Zauren a 2014. Ko da aka gano daga baya cewa Houston Astros sun yi satar alamu da kyamara a 2017, kakar da suka ɗauki kofi, suna buga kwandon shara domin sanar da mai bugu irin jifar da ke tafe, tarar dala miliyan 5 aka ci ƙungiyar, aka dakatar da kocinta da manajanta, aka karɓe mata wasu guraben zaɓen sababbin 'yan wasa, amma aka bar mata kofinta.

Hanya biyu ce ta dace da hankali. Ko dai a shigar da Bonds da Clemens a rubuta a jikin allunansu abin da aka zarge su da shi da abin da kotu ta yanke, kamar yadda gidan tarihi ya kamata ya yi, ko kuma a ce zamanin duka ya ɓaci, a rufe ƙofa ga 'yan wasa da shugabanninsu baki ɗaya. Abin da aka yi bai bi ko ɗaya ba. Bud Selig, wanda ya shugabanci wasan daga 1992 zuwa farkon 2015, wato tun kafin yajin aikin har bayan rahoton Mitchell, wani kwamiti na mutum 16 ya zaɓe shi zuwa Zauren a Disambar 2016 da ƙuri'a 15. A Disambar 2022 irin wannan kwamiti na mutum 16 ya zauna a kan Bonds da Clemens, ana buƙatar ƙuri'a 12, kowannensu bai kai huɗu ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya